Rantsuwar Clive Staniforth

A farkon shekarar 1980 mai gangarmu ya yi aure ya bi matarsa zuwa garin Hull, ya bar mu mu uku: ni Glenys da jitar bes, Desmond Bagshaw da makirufo, sai Clive Staniforth da jitarsa da baƙin ransa. Shekara biyu ke nan muna kiɗa a Sheffield da sunan Tsatsa. A wutsiyar zamanin kiɗan pank mai ihu muka taso, lokacin da ihun ya fara gundurar mutane aka koma kiɗa mai sanyi da ɗaure fuska. Bes ɗina ke jan gaba, jitar Clive na ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse, Desmond kuma na rera waƙoƙi a kan hayaƙi da layin neman aiki da muryar mai sanar da rasuwa. Dogayen kwat masu ruwan toka muke sawa, kuma ba a murmushi a kan dandamali. Clive ne ya kafa wannan doka.

Ɗakin gwajinmu yana saman shagon gyaran gashi na Anti Doreen, ƙanwar babata, inda nake aiki. Ta ba kowannenmu makullin matakalar baya, da sharaɗi guda: kada ta ji ko tari daga sama sai ta rufe shago ƙarfe shida.

Mun gwada masu ganga uku. Na farko yana gudu kamar an biyo shi, na biyu ya zo da budurwarsa tana gyara mana waƙa, na uku kuwa ya yi murmushi, Clive ya sallame shi. Ana haka, wata Asabar da yamma sai ga Desmond ya hawo matakala yana haki, rungume da wani abu a nannaɗe cikin bargo.

"Ban ji ƙarar babur ɗinka ba," na ce masa.

"Ga babur ɗin nan," ya ce, ya dire kayan a kan tebur.

Ashe musaya ya yi da wani mutum a Rotherham. Da ya yaye bargon sai ga akwati mai gefen katako, da 'yan maɓallai irin na fiyano a gaba da abubuwan murɗawa birjik a sama. Kusa da ita akwai wani ƙarami mai kama da rediyo, wanda in an danna shi yake buga ganga da kansa.

Clive ya zagaya teburin hannunsa a aljihu. "Keken ɗinki ka sayo mana?"

"Sintisaiza ce. Wannan ƙaramin kuma shi ne sabon mai gangarmu. Ba ya aure, ba ya komawa Hull."

"Kayan wasan 'yan Landan masu shafa hoda," in ji Clive. "Yatsa ɗaya fa ake sa mata. Ko kyanwa ce ta bi ta kai sai a ce ta yi waƙa. Mu da muka fito don mu faɗi gaskiya, yau mu ne za mu ɓuya a bayan na'ura?"

"Kai dai taɓa ka ji."

"Na rantse da kabarin kakana, hannuna ba zai taɓa wannan akwati ba. Ko ɗauka ce kada ku ce in kama muku."

Sai aikin ya faɗo a kaina, don tsautsayi ya sa na taɓa faɗa wa Desmond cewa na yi wata shida ina koyon fiyano ina 'yar shekara tara. Aka jingine bes ɗina a bango, aka tsayar da ni a bayan tebur kamar mai sayar da soyayyen dankali. Na tsani akwatin nan. Sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, in ka danna biyu ta zaɓi wanda ta ga dama. In ɗakin da sanyi sai muryarta ta karkace, sai an kunna ta an jira rabin awa ta ji ɗumi kamar tsohuwar mota. Abin da nake iya fitarwa daga cikinta bai wuce kukan sauro da ƙarar ƙofar da ta shekara ba mai ba.

Desmond kuwa ya yi nisa. Ya je Birmingham sau ɗaya ya dawo da kwalli a ido, ya jefar da kwat ɗinsa, ya ɗinka riga mai faffaɗan hannu da tsohon labulen falon babarsa. Ya ce jaridu sun fara kiran masu irin wannan shiga sababbin masoya, kuma lokacin kuka ya wuce, yanzu rawa mutane ke so ko da ransu a ɓace. Ya ce sunan Tsatsa ma ya tsufa, ya kawo wani na Faransanci da ya gani a jikin kwalbar man gashi a shago. Sati biyu muna amsa shi kafin wata malamar makaranta da ta zo gyaran kai ta gaya mana ma'anarsa: a girgiza sosai. Muka koma Tsatsa shiru-shiru.

Duk ranar Talata da rana ina zuwa makarantar koyon sana'a, ba na shago. Wata Talata cikin watan Afrilu malamarmu ba ta da lafiya, aka sallame mu, na dawo shago wajen ƙarfe biyu. Talata ranar tsofaffi ce. Na tarar da su huɗu a jere, kowacce kanta cikin hular busar da gashi, ta biyar kuma Misis Shillito tana jiran wanki. Misis Shillito ta haura saba'in, kunnenta ɗaya ya tafi hutu, shi ya sa in tana magana har na tsallaken titi ke ji. Na kwantar da kanta a bakin kwatami na fara cuɗa, sai na ji tana wani ɗan kari a maƙogwaro. Yana hawa taki uku, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya faɗo inda ba ka zata ba.

"Wannan wace waƙa ce, Misis Shillito? Ta zamaninku?"

"Ta zamanin wa? Ta bututu ce, 'yar nan. Kashe famfon ki ji."

Na kashe. Akwai wani tsohon bututun ruwan zafi da ya sauko daga ɗakin sama ya bi ta gefen kwatamin. Na kara kunne. Can ciki sai ga ƙaramin akwatin ganga yana bugawa a hankali, dum, dum, kamar babbar gudumar maƙerar ƙarfe in ana jiyo ta daga ƙetaren kwari. A kansa kuma ga muryar sintisaiza, amma ba wadda na sani ba. Wannan mai kauri ce, mai sanyi, tana sa ka ji kewar abin da ba ka taɓa mallaka ba, kuma ƙafarka na motsi ba da izininka ba.

Na dubi Anti Doreen. Ko ɗago kai ba ta yi daga gashin da take naɗewa ba.

"Mai fuskar shanun nan ne, Clive ɗinku," ta ce. "Sati bakwai ke nan, tun da aka sallame su daga kamfanin wuƙaƙe. Takalmi yake cirewa a matakala, wai don kada a ji shi. Ni kuwa ta tagar baya nake ganin shigarsa."

"Ba kin ce ba kiɗa kafin shida ba?"

"Na ce. Amma wannan ya fi rediyo, kuma tsofaffina sun saba. Misis Ollerenshaw har ranarta ta canja daga Laraba."

Na so in hau in kama shi dumu-dumu. Har na taka matakala biyu sai na tsaya. In na kama shi, cewa zai yi ƙura yake sharewa, gobe kuma ya daina zuwa, ni in ci gaba da tsayuwa a bayan tebur har tsufana. Na dawo na zuba wa Misis Shillito shayi mai sukari uku, na ce ta sake yi mini karin daga farko. Sau tara ta maimaita kafin gashinta ya bushe.

Ranar Alhamis da muka haɗu gwaji, na bari akwatin ta ji ɗumi, na ce, "Akwai wani ɗan abu da ya zo mini. Ku saurara."

Na buga shi tiryan-tiryan. Ban kalli Clive ba sai da na kai ƙarshe. Kunnuwansa sun yi ja kamar an dafa, yana riƙe da jitar kamar an ba shi ajiyar jaririn wani.

Desmond ya dafe ƙirji. "Glenys, ashe haka kike kika zauna kina wanke kawunan mutane? Wannan ai shi muke nema tun Janairu."

"Ina kika samo shi?" in ji Clive.

"Ina wanke kan wata tsohuwa ya zo mini," na ce. Ban yi ƙarya ba. "Ya ka ji shi?"

Ya daɗe yana gyara wata tsirkiya da ba abin da ya same ta. "Ba laifi. Ga mai son irin wannan."

"To bari in ɗan gyara shi, akwai inda bai yi mini ba."

Na sake bugawa. Da na zo wurin da karin ke faɗowa, inda duk daɗinsa yake, sai na hau sama maimakon in sauka. Nan take ya koma kamar kiɗan motar mai askirim. Desmond, wanda kunnensa bai kai bakinsa ba, ya ce ai wannan ya fi fara'a. Clive ya rufe ido kamar an taka masa ƙurji.

Sati uku muka yi a haka. Desmond ya sa wa karin baitoci a kan wata yarinya da ke jiran bas a ruwan sama sanye da kayan biki, ta zama babbar waƙarmu. Duk lokacin da muka zo wurin nan sai in hau sama, in ɗan ja shi ma don ya daɗe.

"Wurin nan na huɗu," Clive ya ce wata rana yana kallon rufi, "ba kya jin kamar sauka ya kamata ya yi?"

"Kai da jita aka san ka. Me ya haɗa ka da keken ɗinki?"

"Shawara ce kawai."

"Ka bar mai abu da abinta, Clive," in ji Desmond. "Hassada ba ta yi maka kyau, fuskarka ma da yaya take."

A sati na uku na tarar da 'yar takarda a maƙale tsakanin maɓallai, an rubuta da manyan baƙaƙe, da hannun hagu daga gani: SAUKA, BA HAWA BA. Na ɗaga ta sama na karanta da ƙarfi.

"Desmond, ɗakin nan da aljanu. Kuma sun yi makaranta."

"Ƙila mutumin Rotherham ne ya bar ta a ciki," in ji Clive da sauri.

"Ya san waƙar da ba a yi ba tukuna? Lallai Rotherham akwai malamai."

A ƙarshen watan Mayu aka shirya wasa kyauta don marasa aikin yi a wani zauren unguwa, ƙungiya huɗu, daga ƙarfe biyu na rana. Ranar Alhamis ce, ranar da shaguna ke rufewa da tsakar rana. Na roƙi Anti Doreen ta zo, na ce kuma ta gayyato 'yan Talata. Na ɗauko bes ɗina na ɗaure tsirkiyoyinta daidai, na ɓoye ta a bayan lasifika. Desmond ya tambaya, na ce ta gaji da zama a ɗaki ne, iska za ta sha.

Zauren ya cika da samari masu dogayen kwat da 'yan mata masu gashi a miƙe, ga 'yan tsirarun masu kwalli da labule irin Desmond sun rakuɓe gefe guda, ana hararar juna. A layin gaba kuwa tsofaffi shida sun jeru a kan kujerun da suka sa aka ɗauko musu, da hulunansu na coci da gorar shayi. Wani mai zoben hanci ya zo zai tsaya a gabansu, Misis Shillito ta zungure shi da laima ya matsa.

Mu ne na uku. Waƙa biyu na farko suka wuce kamar kullum, mutane na gyaɗa kai hannu a aljihu. Sai Desmond ya sanar da sabuwar waƙarmu, ya ƙara da cewa Glenys ce ta tsara kiɗan, a tafa mata. Na durƙusa har ƙasa. Na danna akwatin ganga, na fara karin ni kaɗai kamar yadda muka shirya, kafin kowa ya shigo. Ya hau taki uku, ya tsaya. Na dubi Clive cikin ido, na hau sama, na riƙe shi har sai da na ƙirga biyar.

A ɗan shirun da ya biyo baya muryar Misis Shillito ta cika zauren.

"A'a, ba haka yake ba, 'yar nan. Kin ɓata shi. Na yaron Talata ya fi."

"Sauka yake yi," in ji Misis Ollerenshaw, tana nunawa da hannu.

Aka fara dariya daga gaba tana tafiya baya. Desmond ya tsaya baki buɗe yana duban tsofaffin, yana dubana. Ni kuwa na sake farowa daga farko, na nufi wurin nan a hankali, yatsana na lilo a kan maɓallin sama.

Ban kai ba. Clive ya cire jitar ya ajiye a ƙasa, ya tako dandamalin taki huɗu.

"Matsa," ya ce.

Na matsa. Ko duba akwatin bai yi ba, ya murɗa abu biyu da hannun hagu, ya ja wani ƙasa, sai kukan saurona ya koma wannan murya mai kauri ta bututu. Ya buga karin, ya hau, ya tsaya, ya sauka. Tsofaffin suka ce "yawwa" a tare. Kafin ya zagayo na biyu na zaro bes ɗina daga bayan lasifika na rataya, na shiga ƙarƙashinsa da irin bugun da muka saba tun zamanin ɗaure fuska, mai nauyi, mai tafiya kai tsaye. Ban taɓa jin abu biyu sun dace haka ba. Desmond ya manta baiti na biyu, ya maimaita na farko sau uku, ba wanda ya kula. Masu labule ne suka fara rawa, sannan 'yan matan, can sai ga masu kwat suna motsa kafaɗa suna satar kallon juna don kada a ce su suka fara. Muka ja waƙar minti tara. Clive bai ɗago kai ba ko sau ɗaya.

Bayan mun sauka na same shi a matakalar bayan zauren yana cin dankali a takarda. Na zauna kusa da shi na ɗebi biyu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Afrilu. Bututun ruwan zafi ne ya kai ƙararka. Kana da masoya shida, ƙaramarsu shekararta sittin da takwas."

Ya tauna ya haɗiye. "Sati uku kina yanka ni da gangan."

"Da ka buɗe baki rana ɗaya ka ce naka ne, ai da an wuce wurin."

Sai ya ce, "Ranar da aka sallame mu na rasa inda zan sa kaina. Shekara shida kunnena na cikin ƙarar injin wasa wuƙa, sai na wayi gari gida tsit, agogo kawai. Na hau ɗakin don in ɗauki jita, na ga kin bar akwatin a kunne tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Irin na injinmu ne sak, kafin a ɗora masa ƙarfe. Na ce bari in kashe ta. Ban san inda ake kashewa ba, na yi ta murɗe-murɗe."

"Kabarin kakanka fa?"

"Kakana na Barnsley da ransa, yana kiwon tattabaru. Jiya ma na gan shi."

Desmond ya fito da labulensa ya jiƙe sharkaf da zufa, kwalli ya gangaro masa har haɓa. Ya tsaya a kanmu yana nuna mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ne na ba da babur ɗina, kuma ni kaɗai ne ban san abin da ake ciki ba?"

"Ga dankali," in ji Clive.

Daga ranar Clive ya koma bayan tebur, ni na koma wa bes ɗina. Bai taɓa sa kwalli ba, bai kuma cire kwat ɗin ba, ko a watan Agusta. Mun yi faifai guda ɗaya ƙarami a ƙarshen shekarar, aka sa shi a rediyon gari sau da yawa, a na ƙasa sau biyu. Tsatsa ta kai 1982 kafin Desmond ya tafi Landan neman suna, ya ƙare yana ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo kaya, kuma ya fi mu duka jin daɗi.

Amma kafin nan Clive ya rama. Sati biyu bayan wasan ya zo gwaji da sabuwar waƙa, da takarda a ninke ya miƙo mini.

"Ga naki. Mai sauƙi ne, na san kina da baiwa. Kowa ma ya ji an faɗa a zaure."

Na duba. Ya rubuta wa bes irin gudun da na'ura kaɗai ke iyawa, sauti goma sha shida a jere ba wurin numfashi, ana tsalle daga tsirkiyar sama zuwa ta ƙasa, minti huɗu ba tsayawa. Ya buga mini shi a akwatin da yatsa ɗaya yana hamma.

"In ya yi miki nauyi ki faɗa, sai in ba wa keken ɗinki."

"Wannan? Ka ba ni zuwa wani satin, yau wuyan hannuna ke ciwo."

Na kai shi wani satin, da wani satin kuma, da dalilai kala-kala. Kullum da asuba kafin in tafi shago ina zaune a bakin gado da bes ba lasifika, yatsuna suka yi bororo suka fashe suka sake yi. Sai da na liƙe yatsu uku da filasta nake wankin kai, Anti Doreen na cewa man gashi ne ke cin hannuna in Clive ya tambaya. A sati na uku na shigo gwaji na rataya bes, na buga shi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ina kallon taga.

Clive ya ɗan ɗaga gira. "Kwana nawa ya ɗauke ki?"

"Jiya da rana na duba shi," na ce, "tsakanin wankin kai biyu."